Husk, bran, peel, rind... wai duk ba ɓawo ba ne?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu Turanci ku taimaka min, jiya na sha kunya ba kaɗan ba. Ina 'yar sana'ar abincin dabbobi ne a nan Jos, dusa da kowar wake da harawa haka dai, sai wata mai gidan kaji a Abuja ta turo min saƙo a WhatsApp wai in haɗa mata rice bran buhu 10, ni kuma tunda na san masu kaji suna sayen ɓuntu su shimfiɗa a ƙasa sai na ɗauka shi take nufi, ban ko tambaya ba na sa yaro ya ɗuro aka saka a mota. Kaya na isa ta kira ni, wai Hajiya wannan ai husk ne, kajin ci za su yi ko kwanciya? Kuɗin mota dai ya tafi. Kuma a satin nan 'yata ta rubuta skin of the tree a aikin gida aka soke mata da jan biro. To wai kalmomi nawa ne Bature yake da su na ɓawo, kuma ta yaya mutum zai gane wanne ne na wanne?

Malamin Turanci Bukuru:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Na 'yarki shi ne mai sauƙi, ɓawon itace bark ne kawai, ko na kuka ko na maɗaci ko na darbejiya. Kirfa ɗin nan da kuke sawa a shayi ma bark ce, ɓawon ciki na wata bishiya ne ake busarwa ya nannaɗe.

Inda ake rikicewa wajen 'ya'yan itace ne. Ni yadda nake koya wa ɗalibaina, ka fara taɓa abin da hannu kafin ka nemi sunansa. In siriri ne yana manne da naman, har ma za ka iya ci da shi, kamar tumatir da inabi da tufa, skin ne. In kana iya ɓare shi ko ka fere da wuƙa ka zubar, kamar lemu da ayaba, peel ne, kuma peel ɗin shi ne dai aikatau na ɓarewa da ferewa duka, su ba su raba ba. Shi ya sa ɓawon dankalin Arish ɗin Bokkos in yana jikinsa za a ce skin, kina ferewa ya zube a faranti ya koma peel. In mai kauri ne mai tauri kamar kankana da kabewa to rind ne. Lemu yana amsa biyu, peel da rind, duk daidai ne. Ayaba kuma mutanen Ingila sun fi cewa banana skin, na Amurka banana peel, kar wani ya ce miki ɗaya kuskure ne.

Shell shi ne wanda sai an fasa, pod kuma kwanson da 'ya'ya suke jere a ciki kamar wake da ɗorawa. Na hatsi zan bar wa masu shi kar in yi kwaɓa.

Mai Inji:
Malam ka kyauta da ka bar mana, haha. Hajiya ni sana'ata ce, na yi shekaru a wajen injinan shinkafa na Lafiya kafin in dawo Filato. Shinkafa riga biyu gare ta. Ta waje mai kaushi mai soka hannu ita ce ɓuntu, husk kenan, wasu takardun za ki ga sun rubuta hull, abu ɗaya ne. In kika kawo shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓuntu ba, kilo 100 to wajen kilo 20 ɓuntu ne zalla, kuma ba shi da wani amfani a cikin kaza don ƙarfinsa kamar yashi ne a jiki, sai dai shimfiɗa ko a hura wuta da shi wajen turara shinkafa. Ta ciki mai laushi, ruwan ƙasa, wadda ake gogewa kafin shinkafa ta yi fari, ita ce dusa, bran kenan, ita ce mai mai a jiki shi ya sa take ƙosar da dabba kuma shi ya sa in ta daɗe a buhu take canja wari, kar ki tara da yawa.

Amma fa gaskiya ba duka laifinki ba ne, ƙananan injinan nan namu na unguwa tashi ɗaya suke cire ɓuntun da dusar su fito a cakuɗe, sai manyan injina ne suke fitar da kowanne ta bakinsa. Abin da ya fito a cakuɗen masu haɗa abincin kaji a ƙasar nan suna ce masa rice offal, kamar yadda suke cewa wheat offal da maize offal. Don haka in mai saye ya ce bran ki tambaye shi zalla yake so ko haɗe, farashin ba ɗaya ba ne ko kusa.

'Yar Gwarinpa:
Malam ban yarda da kai ɗari bisa ɗari ba fa, a yi haƙuri. Dokar taɓawa da hannun nan tana karyewa. Gyaɗa fa? Da yatsa biyu ake ɓare ta ba sai an fasa da dutse ba amma shell suke cewa, a littafin noma kuma ka ga pod ko hull, jan nan na jikin ƙwayar da ake murjewa bayan an soya kuma skin. Albasa ma busasshen ɓawonta skin ne alhali ba mai ci. Kwakwa ta fi kowa, zaren nan na waje husk, ƙoƙon mai tauri shell, sannan ga wani siririn ruwan ƙasa a jikin farin shi kuma skin, abu ɗaya suna uku. Ganyen da ya lulluɓe masara ma husk ne duk da ba ya kama da ɓuntu ko kaɗan, a Amurka har shuck suke ce masa.

Ni kek nake yi, ranar da na fara ganin zest a girke-girken intanet na kankare lemun tsami har farin ciki na zuba, kek ɗin nan ɗaci kamar maɗaci. Ashe zest fatar sama ce kaɗai mai launi mai ƙamshi, farin da ke ƙarƙashi pith ne kuma shi ne mai ɗacin.

Malamin Turanci Bukuru:
Kin yi gaskiya ƙanwata, ba doka ba ce, sanda ce ta dogarawa. Yawanci kalmar da abin tare ake haddace su, onion skin, coconut husk, haka. Wanda ya ce miki akwai ƙa'idar da ba ta da ɓaraka a Turanci bai koyar da shi ba.

Baban Gangare:
Ni abin da nake so in ce wa 'yata mai tambaya, kar ki ɗauka mu ɓawo kaɗai muka sani. Ke da bakinki kin ambaci dusa da kowa da ɓuntu, kalma uku kenan tun ba a je ko'ina ba. Yaran yanzu ne da ba su taso kusa da turmi ba suke tattara komai su ce ɓawo. A da mace ta yi sussuka ta sheƙe, abin da iska ta kwashe ƙaiƙayi ne, wanda ake cewa ya koma kan masheƙiya, shi ne chaff ɗinsu. Ta yayyafa ruwa ta surfa ta bakace a faifai, abin da ya fita dusa. Ko tana barci ba za ta haɗa biyun nan ba, don ɗaya na akuya ne ɗaya na bola ko cakuɗa ƙasar gini. Gyaɗa muna da kwasfa da kwanso. Ɓawon itace in mai magani ya sara don jiƙo sunansa ya koma sassaƙe, shi Bature bark ne dai ko yana jikin bishiya ko yana cikin kwalba. Kuma mu mun raba aikin, ayaba a ɓare, doya da rogo a fere, rake a fere ko a ɓantare da haƙori, shi duk peel. Ku tambayi matan da suke gyaran acca a ƙauyukan Filaton nan irin wahalar raba ƙwayar da ɓawonta, ƙwaya kamar yashi, sai an yi ta daka ana wankewa ana rairaya.

Totuwar masara kuma kar ki sa ta a lissafin nan, ita cob ce, ciki take ba waje ba.

Uwar Biyu:
Kai na gode ƙwarai, Baba Allah ya ƙara girma, Malam da Mai Inji Allah ya saka. Na kwafe duka a littafin bashi na. Matar ta ce za ta riƙe ɓuntun ta yi shimfiɗa da shi a rage mata kuɗi, na ce na yarda. Saura ɗaya, kowar wake in zan rubuta mata a jerin kaya me zan ce, bean husk ko bean pod?

Mai Inji:
Cowpea husk masu kiwo suka fi rubutawa Hajiya. Amma ki ɗauki hoto ki tura mata kafin a ɗora a mota.