Yadda za a koyar da misalan Yesu: abin da aka tattauna a Tawa

Malaman makarantar Lahadi na wata majami'a a Tawa sun zauna kan misalan Yesu, ga abin da ya fito.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a fara duba wa aka faɗa wa misalin, kuma me ya jawo shi. Luka 15, wato sura ta 15 a Linjilar Luka, ta buɗe ne da gunagunin Farisiyawa, wata ƙungiyar Yahudawa masu tsananta bin Shari'a, cewa Yesu na cin abinci da masu zunubi, sai ya kawo ɓatacciyar tunkiya, da kuɗin da ya ɓace, da ɗan da ya bar gida. In ka manta da masu gunagunin, wan wannan ɗan, wanda ya ƙi shiga bikin dawowar ƙanensa, sai ya zama kamar ƙari, alhali su ake nufi da shi.

Wani dattijo ya ja kunne kan tsinka misali gaɓa-gaɓa. A labarin Basamariye, mutumin Samariya da ya taimaki wanda 'yan fashi suka yi wa rauni, Luka 10, ba sai an nemo wa dabbar da ya ɗora shi a kai, da man da ya zuba masa, da dinari 2 da ya biya ma'anar ɓoye ba. Tambayar ita ce wane ne maƙwabci. Na yarda da shi, ko da yake Yesu da kansa ya fassara misalin mai shuka dalla-dalla a Markus 4.

Wata malama ta ce in za ta koya wa yara misalin mai shuka takan fara da gero, don sun san hatsin da ya faɗi kan fako ba ya yin zangarniya. Ta ƙara da cewa kada malami ya yi gaggawar ba da amsa, ya bar su su yanke hukunci tukuna, yadda annabi Natan ya kawo wa sarki Dawuda misali, ya bar shi ya yanke wa kansa hukunci.