Musa ko Okocha? Yadda ta kaya a zauren gidan kallonmu

Kawu Mai Shayi: Salamu alaikum. Yau raina a ɓace yake. Jiya da aka tashi kallo wani yaro ya dunguro min waya a fuska, wai Ahmed Musa ya ci ƙwallo 4 a kofin duniya, Okocha ko ɗaya, don haka Musa ya fi shi. A gaban mutane! Okochan da a 1993 ya tara 'yan bayan Karlsruhe yana kai su yana komowa da su, golansu Oliver Kahn na rarrafe, sannan ya ga dama ya buga. Wace lamba ce za ta nuna maka wannan? Yaran yanzu lissafi suke kallo, ba ƙwallo ba.

Ɗan Pillars: Wa alaikumus salam. Kawu, da girmanka, wa kake kira yaro? Ni na nuna maka wayar, kuma 'ya'yana biyu.

Na Acaɓa: Haka suke. Da ka kawo hujja sai a ce maka yaro.

Kawu Mai Shayi: Ranar sunanka ni na riƙe ƙafar ragon. Ko jika ka ajiye yaro ne kai a wurina.

Na Acaɓa: To Kawu, a 1993 ina ka kalli wasan Jamus, garin nan ko turken wuta babu?

Kawu Mai Shayi: A kaset na gani, a Kano. Lokacin kai ko tatata ba ka fara ba.

Malam Na Firamare: Jama'a a yi haƙuri, maganar Kawu akwai ƙamshin gaskiya. A 2018 Giroud ne ɗan gaban Faransa, ya gama gasar kofin duniya bai ci ko ɗaya ba, amma suka ɗauki kofin kuma koci bai ajiye shi ba. Shi ke danne 'yan baya, Mbappe da Griezmann su sami fili. Kante fa, ƙwallo nawa ya ci? Wanda ya tare hanya har abokin hamayya ya fasa bayar da ƙwallon, ba a rubuta masa komai. Mai gona a fadama da mai noma a jigawa, in ka ƙirga dami kawai ai ka zalunci ɗaya. Okocha ɗan tsakiya ne, Musa ɗan gaba, aikinsu ma ba ɗaya ba.

Ɗan Pillars: Malam, ni a fara janye kalmar yaro tukuna. Sannan biyun Argentina aka zura wa a 2014, biyun Iceland a 2018. Ƙwallo 18 ya ci wa Pillars a kaka guda. Okochan sau nawa CAF ta ba shi gwarzon Afirka? Ko sau ɗaya.

Kawu Mai Shayi: BBC ta ba shi a 2003 da 2004.

Na Acaɓa: Wannan ai ƙuri'ar jama'a ce.

Mai Faci: Ku da kuke ta namu namu, Musan a Jos aka haife shi.

Ɗan Pillars: Kai kuma wa ya kasa da kai? Inda mutum ya yi suna nan ne gidansu. Sai Masu Gida!

Na Ronaldo: Ni dai ina bayan Kawu, lamba ƙarya take. Messi Ballon d'Or 8, Ronaldo 5, kowa ya san son kai ne.

Mai Faci: Ikon Allah! Kai da kullum kake tashinmu da asuba da adadin ƙwallayen Ronaldo, yau kuma lamba ƙarya take?

Na Ronaldo: Ƙwallo a raga daban, zaɓen 'yan jarida daban.

Mai Gidan Kallo: Tunda ana maganar lissafi, masu bashin kallo su tuna da ni. Littafin ya cika.

Na Acaɓa: Alhaji, a fara gyara janareto. Ranar Asabar ana shirin buga fenariti ya ɗauke, muka zauna cikin duhu da zafi, sai ihu muka jiyo daga shagon caji. Wannan ma a rubuta a littafin.

Mai Gidan Kallo: Ka san kuɗin litar fetur kuwa? Sunanka ne na farko a shafin.

Malam Na Firamare: Don Allah mu koma kan Giroud.

Ɗan Pillars: Ba inda za mu koma sai an janye yaro.

Shugaban Zaure: To ya isa haka. Na karanta komai, ga abin da aka cimma. Kowa ya yarda lamba ba ta auna gwani, in ban da mutum biyu da ba su fahimci zancen ba. An kuma gane cewa da Musa da Okocha duk bayan Kanu suke: gwarzon Afirka a 1996 da 1999, biyu a ragar Brazil a gasar Olympics ta Atlanta, uku a ragar Chelsea a gidansu sanye da rigar Arsenal. Maganar yaro, Kawu babba ne, a bar ta. Na rufe zaure sai an dawo daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis.

Mai Faci: Shugaba, wa ya ambaci Kanu a nan? Kuma ai lambobin ka jero.