Muhawara: Shin koiloba ɗaya za ta iya ɗaukar titin Jidda da filin tsere?

Mai tambaya, daga Jidda:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da Toyota 86 wadda da ita nake zuwa aiki kullum, kuma ina da niyyar in riƙa shiga filin tsere da ita idan zafi ya sauka. Wani mai sayar da kayan mota ya tabbatar mini cewa duk koilobar da ke da maɓallin saiti ta wadatar, wai in sassauta ta don titi, in ɗaure ta ranar tsere. Ina neman ra'ayin waɗanda suka san harkar kafin in fitar da kuɗina.

Bakanike, daga Sana'iyyar Jidda:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ban yarda da wannan magana ba, domin taura biyu ba ta taunuwa. Koiloba dai sifirin ne da shokozoba a haɗe, da noti a jikinta wanda ake ɗaga mota ko sauke ta da shi. Maɓallin da aka nuna maka ba ya taɓa sifirin ko kaɗan, iyakarsa ya ƙuntata ko ya buɗe hanyar da mai ke bi a cikin shokozoba. Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota, shi ne kuma ke yanke iyakar karkatar da za ta yi a doguwar kwana, ita kuwa shokozoba saurin karkatar kawai take tsarawa. Idan aka sa maka sifirin na kilo 10, wato wanda sai an ɗora masa kilo 10 kafin ya lotsa milimita ɗaya, to da taurinsa za ka je aiki, da shi za ka shiga fili. In kuma ka sassauta shokozoba ƙwarai a ƙarƙashinsa don neman laushi, motar za ta yi ta lilo bayan kowane tudun rage gudu, saboda babu abin da ke riƙe sifirin. Ka zaɓi ɗaya, ko ta titi ko ta tsere.

Injiniya, daga Dammam:
Yaya, bayaninka a kan maɓalli daidai ne, amma hukuncin da ka yanke ya yi tsauri. Mu da ke gabas da motar da muke hawa kullum muke tsallaka gadar Sarki Fahad, mai tsawon kilomita 25, mu shiga filin Sakhir na Bahrain wanda aka buɗe a 2004, mu dawo da ita gida. Abin da ke sa hakan ya yiwu shi ne ingancin bawul ɗin da ke cikin shokozoba. Motsi iri biyu take fuskanta. Lokacin da direba ya taka birki ko ya karya sitiyari, sandarta a hankali take shiga. Lokacin da taya ta faɗa rami ko ta hau dakalin gefen kwana, da sauri take shiga. Shokozoba mai kyau tana yin tsayin daka a kan motsi na farko, sannan ta buɗe wa mai hanya a kan na biyu, sai motar ta zauna daram a kwana ba tare da ta buga wa direba baya a rami ba. A kan wannan tunani kamfanin Öhlins na Suwidin ya gina samfurinsa na Road & Track mai bawul ɗin da suke kira DFV, haka kuma KW na Jamus ya raba saitin matsewar shokozoba da na dawowarta a samfurin V3. Idan aka haɗa irin wannan da sifirin matsakaici, kamar na kilo 5 ko 6 a mota mara nauyi irin 86, za a samu abin da ƙanenmu ke nema.

Alhaji, daga Riyad:
Injiniya, kayan da ka ambata ba kowa ne ke da kuɗinsu ba. Matasa da yawa da ke shiga filin Dirab a nan Riyad BC Racing ta Taiwan suke ɗaurawa, mai matakan saiti 30, kuma suna gudu lafiya. Bilstein B16 ma, da tsadarta, matakai 10 gare ta. Ina ganin wanda ya sami 30 a farashi mai sauƙi bai yi asara ba.

Injiniya, daga Dammam:
Alhaji, ban ce ya yi asara ba, kuma ga mai koyo kayan ba su da laifi. Sai dai yawan matakai ba ma'aunin inganci ba ne, domin ana iya yanka tazara ɗaya gida 10 ko gida 30 ba tare da ta ƙaru ba. Abin tambaya shi ne ko shokozobar hagu da ta dama suna ba da ƙarfi ɗaya a mataki ɗaya, da kuma ko ƙarfin zai dawwama bayan mai ya yi zafi. Akwai kuma haɗari ga wanda ya ɗauka cewa ɗaurewa har ƙarshe ita ce saitin tsere. Idan dawowa ta yi tauri da yawa, taya ba ta samun damar komawa ƙasa kafin gargada ta gaba ta zo, sai motar ta yi ta nutsewa har ta zauna a kan robar da ke tare shokozoba a ƙarshen matsewarta, a nan ne riƙon hanya ke ɓacewa ba zato.

Bakanike, daga Sana'iyyar Jidda:
Na karɓi batun bawul, amma ina nan a kan bakana game da abu ɗaya: titi yana cin kayan tsere. Jidda a bakin Bahar Maliya take, iskarta akwai laima da gishiri. Ana kawo mini motocin da notin ɗagawa ya kama da tsatsa da ƙura, a jiƙa shi da mai, a ɗora maɓuɗi a buga da guduma, haƙoran notin su karye bai motsa ba. Mai motar ya biya kuɗin saiti, amma ba shi da sauran damar saita tsayi. Wannan ne ya sa jikin ƙarfen da ba ya tsatsa, irin wanda KW ke yi, yake da daraja a garin nan fiye da a Riyad. Sai kuma mazaunin sama, inda koiloba ke haɗuwa da jikin mota, mai ƙwallon ƙarfe wanda babu roba a cikinsa. A fili yana sa sitiyari ya amsa nan take, amma a titi kowace tsakuwa sai ka ji ta a cikin mota, kuma da yashi ya shige shi sai ya fara ƙwanƙwasa. Wanda zai yi yawancin tafiyarsa a gari ya bar mazaunin roba.

Dattijo, daga Makka:
'Ya'yana, ku tuna cewa motar nan za ta je fahas, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, kuma murur, wato 'yan sandan hanya, suna ɗaukar sauya fasalin mota ba bisa ƙa'ida ba a matsayin laifi. Ya kamata yaron ya bincika abin da aka halatta kafin a kwance masa ko noti ɗaya. Ina kuma roƙonsa kada ya mai da hawan Hada na hanyar Ɗa'ifa wurin gwaji, domin iyalai ne ke bin ta.

Mai tambaya, daga Jidda:
Na gode, Baba, zan kiyaye. Yaya, Injiniya, saura tambaya ɗaya: wane tsayi zan sauke ta? Mai sayarwar ya ce gwargwadon kusancinta da ƙasa, gwargwadon riƙonta.

Injiniya, daga Dammam:
Wannan ita ce maganarsa da ta fi cutarwa. Ƙafar gaba ta 86 tsarin MacPherson ce, wato shokozoba da sifirin ne ke riƙe taya ta sama, hannun ƙarfe ɗaya kuma ta ƙasa, kuma idan aka sauke ta har wannan hannun ƙasa ya karkata sama ta wajen taya, motar na iya ƙara kwanciya a kwana maimakon ta rage, ga shi kuma an cinye tazarar da shokozoba ke aiki a cikinta. Santimita biyu zuwa biyu da rabi sun isa, kuma za ka iya shiga gangaren wurin ajiye motoci ba tare da ka kankare ƙasan motar ba. Da zarar an ɗaura a kai ta saitin ƙafa, a ɗan kwantar da saman tayoyin gaba zuwa ciki don gefensu na waje ya daina cinyewa a kwana.

Bakanike, daga Sana'iyyar Jidda:
A nan ba mu da saɓani. Zan ƙara da cewa a zafin ƙasar nan na fi son shokozoba mai bututu ɗaya ga mai shiga fili, saboda tana fitar da zafi da sauri, kuma iskar gas ɗinta a ware take da mai, ba ya yin kumfa. Ka tambayi mai sayarwar ko akwai wanda ke buɗe samfurin ya sabunta masa mai da robobi a cikin Saudiyya, domin ranar da ta fara yoyo wannan ce za ta dame ka. Amma ƙanena, kafin duk wannan ka kawo motar in duba tayoyi, in canza maka man birki zuwa mai jure zafi, ka fara shiga fili da ƙafar da kamfani ya yi mata, sannan ka dawo ka gaya mana a wace kwana ta gaza maka.