Tambaya: me ya sa Cl (kulorin) ɗaya tak ke hanzarta wucewar ilektron daga kuromiyam, Cr(II), zuwa kobalt, Co(III)?

Ɗalibar Kemistiri: Assalamu alaikum, malamai. Idan aka haɗa [Cr(H2O)6]2+ da [Co(NH3)6]3+, sai al'amarin ya yi ta jan ƙafa, amma da [Co(NH3)5Cl]2+ nan take ake gamawa. Shin ba cajin kobalt ɗin ne ya ragu zuwa +2 ba?

Malam Ligan: Wa alaikumus salam. A'a, kin haɗa cajin rukunin da matakin oksideshan na ƙarfen. NH3 ba shi da caji, Cl kuma −1 ne. To x + 0 + (−1) = +2, x = +3 ke nan. Kobalt +3 ne a duka biyun.

Bambancin yana ga hanya. Cl yana da ragowar ilektron da zai iya kama ƙarfe na biyu da su, sai ya zama gada: Co–Cl–Cr. Cr(II) mai saurin sakin ligan ne (wato abin da ke manne da ƙarfen, kamar H2O, NH3 ko Cl), sai ya saki ruwa ɗaya ya kama Cl, ilektron ya tsallaka. NH3 kuwa ya riga ya ba kobalt tagwayen ilektron ɗinsa tilo, babu abin kafa gada. Dole ilektron ya yi tsalle ta waje, shi ya sa saurin ya faɗi daga kusan 6×10^5 zuwa kusan 10^−4 M−1 s−1.

Ɗalibar Kemistiri: Na gode, Malam. Amma ta yaya aka tabbatar da gadar?

Injiniya Sinadari: Masanin kemistiri Henry Taube ne ya nuna haka a 1953, ya kuma samu kyautar Nobel a 1983. Dabarar tana da daɗi: da zarar ilektron ya wuce, Cr(III) ya zama mai riƙon ligan gam, Co(II) kuma mai saki. Don haka Cl ya tafi da kuromiyam, aka samu [Cr(H2O)5Cl]2+. Da aka zuba Cl mai fitar da tururin nukiliya (radioactive, don a iya bin sawunsa) a cikin ruwan, kusan bai shiga jikin kuromiyam ba, alamar daga kobalt ɗin ya zo kai tsaye.

In za ki gwada, ki kori iska da naitirojin tukuna, domin oksijin yana cinye Cr(II) nan da nan, shuɗin ya juya kore tun kafin ki fara. A yi a ruwan asid, kuma HClO4 ake so, ba HCl ba, kada Cl na waje ya rikita sakamakon.

Malam Ligan: Ƙari kaɗan: hanyar waje ba kullum take da nawa ba. [Fe(CN)6]4− da [Fe(CN)6]3− suna musayar ilektron da sauri, saboda tsawon haɗin Fe–C kusan ba ya canzawa. A Co–N kuwa sai ya miƙe daga kusan 1.94 zuwa 2.11 Å (angstrom, ma'aunin tsawon haɗi) idan Co(III) ya koma Co(II), wannan gyaran jiki shi ke cin ƙarfi.