Ina iyakar PFMEA take a layin haɗa kaya mai sarrafa kansa?

Sagir: Assalamu alaikum injiniyoyi. Ina neman haske. A ɗauki layi mai tasha takwas da ke haɗa famfon ruwa na injin mota: robot ya ɗora kwanson a faranti, a danna boris, a sa sil, a ɗaure murfi da sukuru huɗu, a yi gwajin yoyo, kyamara ta duba. Idan za a yi masa nazarin haɗarin kuskuren aiki, wato PFMEA, daga ina ake farawa, a ina ake tsayawa? Lalacewar robot ɗin tana ciki? Ɓatattun kaya daga mai kawowa fa? Wasu suna zuba komai har takardar ta wuce karantawa.

Injiniya Hadiza: Wa alaikumus salam Malam Sagir. Kayan za ka bi, ba injin ba. Zana taswirar tafiyarsa tun daga inda aka sauke shi gefen layi har inda aka rufe kwali, kowace tasha da lambarta, OP10, OP20, haka. Abin da ya hau taswirar ya shiga nazari. Littafin da ƙungiyoyin masana'antar mota na Amurka da Jamus, AIAG da VDA, suka fitar a 2019 ya kasa aikin mataki bakwai, na farko shi ne wannan tsarawa da yanke iyaka, kuma gaggawa a nan ita ke kumbura takarda daga baya.

Abubuwa biyu ake ɗauka a rubuta a kan takardar: zanen kayan daidai yake, domin kuskuren zane na DFMEA ne, wato nazarin haɗarin kuskuren zane, kuma kayan da ke shigowa sun cika ƙa'ida, domin mai kawowa yana da nasa nazarin. Amma boris mai kyau da aka zuba a kwanon da ba nasa ba, wannan naka ne. Haka sil ɗin da ya ƙuje yana gangarowa.

Batun robot kuwa, tambaya ɗaya ce: in ya lalace, me ya sami kayan? In tsayawa kawai ya yi, maganar masu gyara ce da nazarin injin. In yatsun riƙonsa sun cinye har yana ajiye kwanso a karkace, ya shiga nazari, amma a matsayin dalili. Kuskuren shi ne boris ya zauna a karkace.

Malam Auwal: Na yarda, sai dai taswirar da aka fi zanawa ta ranar lafiya ce, alhali a layi irin wannan ɓarna ta fi fita lokacin da mutum ya sa hannu. Sukuru ya maƙale a bututun da ke harbo shi, layi ya tsaya, ma'aikaci ya buɗe ƙofa ya cire, ya danna ci gaba. Famfon da ke kan faranti an ɗaure masa biyu cikin huɗu. Kwamfutar layin ta tuna, ko ta sake shi a matsayin kammalalle? In wuta ta ɗauke ana tsakiyar danna boris fa?

Saboda haka a zana waɗannan hanyoyin su ma: tayar da layi bayan tsayawa, canja samfuri da yiwuwar ɗauko shirin da ba shi ba, tuƙa inji da hannu, kashe sensa na ɗan lokaci, da komawar kayan gyara cikin layi. Wanda aka fi mantawa shi ne akwatin kayan da aka ƙi. In babu makulli, babu sensa mai ƙirga abin da ya faɗa ciki, wani zai ɗauko famfo ya ga ba laifi a ido ya mayar kan bel.

Injiniya Hadiza: Gaskiya ne. Ƙari a kan tashar sukuru: kada a rubuta "ɗauri bai yi ba" a wuce. A ce zane ya nemi ƙarfin ɗauri na 10 Nm (newton-mita) a sukuru M6, wato mai kaurin milimita shida. Sukurun da ya shiga a karkace ya ci ramin zai iya kai 10 Nm kansa bai taɓa murfi ba, na'ura kuma ta nuna kore. Sai an haɗa da awon kusurwar juyi ko zurfin zama ake kama shi. Ƙarancin ɗauri, wuce ƙima, rashin sukuru, rashin zama, kowanne layinsa daban, domin dalili da hanyar ganowa sun bambanta.

Sagir: Madalla. To tashar gwajin yoyo da kyamara, tunda su ne masu tsaro, a bar su waje?

Malam Auwal: A'a. Wurin ba da makin ganowa, wato makin da ke nuna ko za a kama kuskure kafin kaya ya fita, ana lissafa su a matsayin tsaro, amma su ma matakai ne masu kuskurensu: su wuce da marar kyau, ko su ƙi mai kyau. Ƙura a gilashin kyamara, haske ya dushe, robar toshe bakin famfo ta cinye, ko kwanso mai ɗumi ya rikita awon iska. Maganinsa ɓataccen samfuri na musamman mai jan fenti da ake turawa farkon kowane shif. In layi ya wuce da shi, a killace duk abin da aka haɗa tun gwajin ƙarshe da ya yi kyau.

Tsaron ma'aikaci kuma, ana rubuta rauni a cikin illoli a ba shi maki mai tsanani, amma shinge da labulen haske da maɓallin tsayawar gaggawa suna da nasu nazarin ƙarƙashin ISO 12100, ƙa'idar duniya ta tsaron injina, sai ka ambaci lambar takardarsa a shafin farko ka wuce.