Firinta na Argungu, ni ina Birnin Kebbi: ya zan shiga saitinta?

ƊanKabi: Assalamu alaikum. HP LaserJet ce a wani ofis a Argungu, an jona ta da rauta ta waya. Da an ɗauke wuta an tada janareta, sai kwamfutoci su daina ganinta. Da hanyar gyara ta daga nan, ba sai na hau mota ba?

Injiniyan Jega: Wa alaikumus salam. Malam, lafiyarta ƙalau, lambarta ce ke sauyawa. Rauta ke raba IP, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita, ta tsarin rabo na kai-tsaye da ake kira DHCP, in wuta ta dawo yana iya ba ta wata daban, kwamfutocin kuwa suna ta neman tsohuwar.

Sa wani ya buga takardar Configuration daga allonta ya karanto maka IP, misali 192.168.1.137. Lambar cikin gida ce, daga Birnin Kebbi ba za ta amsa ba. Shiga wata kwamfutar ofishin ta hanyar AnyDesk, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, ka rubuta lambar a burauzar can. A shafin firintar je Networking, IPv4, zaɓi Manual don lambar ta daina sauyawa. In rauta na rabo daga 100 zuwa 199, ba ta wadda ba ta cikin rabon, misali 192.168.1.20, mask 255.255.255.0, gateway 192.168.1.1. Kana danna Apply shafin zai ɗauke. Kada gabanka ya faɗi, sabuwar lambar za ka rubuta. Amma duba sau biyu kafin ka danna, kuskuren lamba ɗaya sai an gyara daga allonta. Sannan a kowace kwamfuta: Printer properties, Ports, ƙara Standard TCP/IP Port da sabuwar lambar.

Malama Yawuri: In lambar da takardar ta nuna ta fara da 169.254, firintar ba ta samu rauta ba ke nan, a duba wayar tukuna. Sababbin HP na neman PIN, yana kan sitika cikin murfin da ake sa tona. Tunda ka shiga, mayar da takarda A4, da yawansu a Letter suke zuwa.

Baba Telnet: Ɗana, in tsohuwa ce mai katin JetDirect (katin HP na jona ta da rauta), telnet, wato shiga ta rubuta umarni, ma na yi. Kunna Telnet Client a Windows, rubuta telnet da lambar. / zai nuna saitin, ? zai jero umarni, quit ya adana. Sai dai kalmar sirri a fili take tafiya, ka kashe shi in ka gama. Kuma kada ka buɗe ƙofar 9100 (wadda firinta ke karɓar aikin bugawa ta cikinta) a rauta don neman sauƙi, duk wanda ya lalubo ta zai ƙarar maka da rim guda.

ƊanKabi: Na gode. 169.254 suka karanto, na ce su sauya wayar.