Ɗaukar hoton tsofaffin masaƙun Kakuri ba tare da tona asirin wurin ba

Ɗan Kakuri: Jama'a, wace manhaja ta dace da zagayen masaƙun Kaduna da aka rufe? Tsorona kar hotuna su nuna wa 'yan jari-bola hanya.

Injiniya: Malam, fara da kyamara. Shiga saitinta ka kashe adana wuri, domin in yana kunne, kowane hoto na ɗauke da lambobin GPS na inda aka ɗauke shi a bayanan EXIF, wato ɓoyayyun bayanan da ke cikin fayil ɗin hoton. WhatsApp na goge su idan ka tura a matsayin hoto, amma in ka tura a matsayin takarda (document), suna nan daram. Taswira kuwa, sauke ta manhajar Organic Maps tun daga gida, tana aiki ba intanet. Kada ka ƙara shi a matsayin sabon wuri a Google Maps, kowa zai iya gani.

Mai Hoto: Ƙari, yanke allon suna da ɓarakar katanga daga hoton, su ma adireshi ne. Kuma nemi izinin masu wurin ta hannun mai gadi, ban da haurawa.

Injiniya: Gaskiya ne, Hajiya. Ka tura wa mutum ɗaya amintacce wurinka kai tsaye (live location) ta WhatsApp na awa 8. Tsohon rufin asbestos yana ruftawa, ƙurarsa na lalata huhu, kada ka taka ko ka fasa shi.